Hotunan da Kawu Sada Bai Gani Ba

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina kafin zuwan wayar hannu, da wuya a rasa hoton da Malam Sada ya ɗauka a gidansu. Shagonsa yana daf da Ƙofar Guga. Nan maniyyata suke zuwa hoton fasfo, nan ake aikowa a kira shi gidan suna ko walimar sauka. Dogo ne siriri, ba ya son surutu, kyamara kullum a rataye a wuyansa. Bayan aikin da ake kiransa kuma yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa suke kira ɓarnar fim: sai ya bi gari yana ɗaukar abin da ba wanda ya sa shi. Ganuwa inda ta fara zubewa, marina suna matse zane, maƙera, Fulani masu tallar nono a gindin darbejiya, masu jiran mota a tasha. Ya wanke, ya jera a akwatin ƙarfe, ya rufe.

Hawan jinin ido ne ya raba shi da sana'ar. Ya fara cin ganinsa daga gefe-gefe, kamar ana tura masa ƙyauren taga a hankali, har ya rufe ruf a shekarar da soja suka koma bariki. Ba a jima sosai ba matarsa, Inna Rakiya, ta rasu. Daga nan ya koma zaman zaure, shi da rediyo da carbi.

Safara'u ɗiyar ƙanwarsa ce, tana aure a Ƙofar Sauri da 'ya'yanta uku. Ta daɗe tana buga tafireta a wata ma'aikata can GRA, kuma da farar hula suka zo aka fara shigo da kwamfutoci ofisoshi, tana cikin waɗanda aka tura kwas. Hannunta akwai sauri. Ita da kanta takan ce da alfahari, rubutu daga idonta yake wucewa zuwa yatsunta ba tare da ya biya ta kanta ba. Za ta buga shafi guda cif, ka tambaye ta me ke ciki ta ce ba ta sani ba.

Wata Babbar Sallah, 'yan shekaru bayan rasuwar Inna Rakiya, Sagir ɗan Malam Sada ya zo gida daga Legas inda yake aiki a kamfanin waya. Ya zo da kwamfuta, ya kafa ta a ɗakin da ke jikin zaure, ya ce wannan ba irin ta ofis ba ce, an saka mata manhajar da ke karanta wa makaho duk abin da ke kan allo. Safara'u tana wurin ranar da aka kunna. Sagir ya buga sallama, ya danna wani maɓalli, sai ga murya ta fito daga lasifika, muryar namiji mai kauri, ba numfashi a cikinta, ta yi sallamar da karin harshen Bature. Malam Sada ya amsa kafin ya ankara. Sannan ya miƙa hannu ya shafa jikin na'urar sama da ƙasa, yana ta tasbihi a hankali. Ita ma Safara'u sai da abin ya ba ta mamaki. Kullum tana gaban kwamfuta, amma ba ta taɓa tunanin abin yana da baki ba.

Burin Sagir shi ne a haɗa hotunan akwatin nan a yi littafi. Kafin ya koma ya sa aka yi sikanin ɗinsu aka zuba su cikin kwamfutar, ya bar wa Safara'u sauran aikin. Duk Asabar da hantsi sai ta hau acaɓa ta zo, Kawu yana ba da labarin kowace unguwa da kowace sana'a, tana bugawa, tana saka hotunan a tsakanin rubutun. Da suka gama babin farko ta koya masa maɓallan da zai danna, ta koma gefe don ya saurari aikinsa da kansa.

Muryar ta karanta Hausar a karkace, amma ana ganewa. Kawu yana murmushi yana gyaɗa kai. Can sai ta tsaya, ta ce "girafik", ta ci gaba. Bayan ɗan rubutu ta sake cewa "girafik". Ya tambayi ma'anar kalmar, Safara'u ta ce ai nan ne wurin hoton, abin da na'urar take faɗa ke nan in ta iske hoto.

Kawu ya ce, "Wato, ɗiyata, aikin da na ƙare ƙuruciyata a kai, kalma guda ne a bakin wannan bawan Allah."

Da yamma ta kira Sagir. Ya ce akwai magani. A bayan kowane hoto akwai wani ɗan akwati ɓoyayye, mai ido ba ya ganinsa a shafi. In ta danna hoton ta buɗe akwatin ta rubuta abin da ke ciki, to shi muryar za ta karanta maimakon waccan kalma. Ya ce ta taƙaita, kamar mai magana a waya katinsa na shirin ƙarewa.

Ta ɗauka aikin rabin yini ne. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tana rubuta "Hoton Ƙofar Guga", "Hoton marina", "Hoton tasha". Asabar da ta zagayo Kawu ya saurara, bai ce ba daidai ba ne. Sai dai ya tambaye ta, a hoton marinar, wanne ne: wanda tsohon yake tsaye a bakin karofi, ko wanda suke shanya? Safara'u ta buɗe baki za ta amsa, ta ga ba ta sani ba. Ita ta saka hoton, ita ta daidaita shi a shafi, amma ba ta dube shi ba.

Ta jawo shi ta ƙara masa girma a allo. Tsoho ne tsaye a bakin ramin rini, hannuwansa biyu sun rine har gwiwar hannu, ya ɗaga zane yana ɗiga. A bayansa, can a kan katanga, akwai wata akuya tsaye tana leƙen ramin kamar mai duba aiki. Ta faɗa wa Kawu. Ya ce tsohon ya san shi, har ya kira sunansa da na ubansa, amma akuya kam bai taɓa sanin tana ciki ba. Ya yi dariya irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidan. Shi ya ɗauki hoton, shi ya wanke shi, ga shi sai yanzu da ba ido ya sami labarin akuyar.

Daga ranar aikin ya sauya. Safara'u takan zauna da hoto guda har shayinta ya huce. Ta gano cewa abu mai wuya ba ganin abin da ke ciki ba ne, zaɓen abin da za a faɗa ne. In ta zayyana komai, muryar ta yi ta zuba har mai sauraro ya manta farkon maganar. In ta rage da yawa, hoton ya mutu. Sai ta riƙa tambayar kanta, da a ce mutum zai ɗauki abu ɗaya tak daga hoton nan ya tafi da shi gida, me zai ɗauka? Shi take fara rubutawa.

Ga kuma rigimar harshe. Muryar Turanci aka koya mata, haruffa masu ƙugiya kuwa tsallake su take yi kamar babu su. Guga takan ce "Gaga", Sada ta ce "Seda". Safara'u ta zauna tana gwaji, ta rubuta, ta saurara, ta goge, har ta gano yadda za ta yaudare ta: inda ake son "u" ta sa "oo", inda ake son "i" ta sa "ee", ta raba doguwar kalma gida biyu. Rubutun da ke bayan hotunan ya zama wani abu da malamin Hausa zai gani ya riƙe kai, amma a kunne ya fito Hausa, har Kawu yana cewa Baturen nan ya kusa zama Bakatsine.

Sun kusa kammalawa sai Safara'u ta ce ya kamata a sa hoton kyamarar kanta a bangon littafin. Kawu ya kwatanta mata inda take, a saman kabad cikin jakar fata. Ta sauko da ita tana goge ƙura, sai ta lura da 'yar tagar da ke nuna lamba. Ta ce, Kawu, kamar fa akwai fim a ciki.

Ya ce fim ɗin ranar da soja suka miƙa mulki ne. A lokacin abin da ya rage masa na gani bai fi hasken da ke shigowa ta ramin makulli ba, shi ma a hazo. Amma ya ji gari ya cika da rediyo, kowa yana sauraren rantsuwa, ya ga bai kamata rana irin wannan ta wuce ba a ɗauke ta ba. Sai ya fita yana bin bango. Inda ya ji murya ya juya ya danna. Bai kai fim ɗin wanki ba, don ya san ba zai ga abin da ya fito ba, kuma ba ya son wani ya gani ya ji tausayinsa.

Safara'u ta roƙe shi. Ya ce shekaru sun yi yawa, ƙila zafi ya cinye shi. Ta ce a gwada. A ƙarshe ya ɗaga hannu alamar ta yi yadda ta so.

Wani tsohon yaron shagonsa, wanda yanzu yake da nasa wurin wankin hoto, shi ya wanke. Launin ya koma ja-ja kamar an jiƙa shi a ruwan goro, amma hotunan sun fito. Safara'u ta buɗe ambulan a ofis lokacin hutun azahar. Na farkon sama ce kawai da wayar lantarki da hadarin farkon damina. Wani ƙafafun mutane ne. Wani rabin tayar mota. Zuciyarta ta fara karyewa. Sai ta kai kan wani, ta tsaya.

Teburin mai shayi ne a bakin Ƙofar Guga. Maza sun kewaye wata ƙaramar rediyo, tsoho da yaro, mai babbar riga da mai singileti, kuma dukkansu sun karkatar da kai gefe guda, kamar gero in iska ta bi ta kansa. Mai shayin ya ɗaga buta zai zuba, ya manta, ya tsaya a haka. Na gaba wani soja ne zaune shi kaɗai a kan benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yana cin ƙosai a takarda, fuskarsa kamar ta mutumin da ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Safara'u ta riƙe hoton tana juya shi. A duk akwatin Kawu ba ta ga wanda ya fi waɗannan ba, kuma mutumin da ya ɗauke su kunnensa ne ya saita masa. Ta ce a ranta, Allah mai iko.

Na ƙarshen ta gani ta ajiye ambulan ɗin, ta fita ta tsaya a baranda har aka dawo aiki.

Inna Rakiya ce, a tsakar gidan da Safara'u ta yi wasa tana yarinya. Ta san zanen nan, ta san tiren nan. Amma ba ganin marigayiyar ne ya fitar da ita baranda ba. Tsakiyar hoton bangon madafa ne, ba kowa a wurin. Kyamarar ba ta nufi Inna ba. Inna ce ta karkato da dukkan jikinta daga gefen hagu, har ƙafarta ɗaya ta bar ƙasa, don ta shiga inda Kawu ya saita.

Satin nan gaba ɗaya hoton ya hana ta sakat. Sauran ta rubuta musu bayani ba wahala. Wannan kuwa ta rubuta ta goge ya fi a ƙirga. Da farko ta sa, "Inna Rakiya tana murmushi a tsakar gida." Gaskiya ne, ba ƙarya a ciki, kuma Kawu zai ji daɗi, ba kuma zai taɓa sanin an rage wani abu ba. Wannan tunanin ne ya tsorata ta. Duk wanda ya buɗe littafin da ido zai ga bangon, zai ga karkatar, zai gane. Mai hoton ne kaɗai za a bari a duhu, kuma ita ce za ta bar shi. Ta shawarci mijinta, ya ce ita ta san kawunta. Ta goge, ta rubuta abin da ke ciki.

Ranar Asabar an yi yayyafi da safe, tsakar gida na ƙamshin ƙasa. Bayan doguwar gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya-ɗaya da maigidanta da mutanen Ƙofar Sauri, ta zaunar da shi gaban na'urar ta ɗora yatsansa a kan maɓalli. Ba ta ɓoye masa marasa kyaun ba. Muryar ta ce masa sama ce da waya da hadari, ya ce to, ko ba komai an san an yi hadari ran nan. Da ta zo kan teburin mai shayi ya gyara zama. Ya sa aka maimaita. Ya ce yana tuna wurin, abin da ya ja shi shi ne shirun, bai taɓa jin teburin shayi ya yi shiru haka ba. Na sojan kuwa ya ce shi bai ma san soja ne ba, ƙarar takardar ƙosai ya ji.

"Ni na ɗauki wannan?" ya tambaya, ba ita yake tambaya ba.

Sannan ya danna na ƙarshe. Muryar ta karanta, a hankali, ba hawa ba sauka:

"Inna Rakiya a tsakar gida da tiren shinkafa a hannu. Kyamara ta nufi bangon madafa, ba ita ba. Ta karkato jikinta daga hagu don ta shiga hoton, ƙafa ɗaya a sama, shinkafa tana zubowa daga tiren. Bakinta yana dariya. Idanunta suna kan mai ɗaukar hoton."

Safara'u tana jin ɗigar ruwa daga indararo. Kawu ya sake danna maɓallin, muryar ta sake faɗa daidai yadda ta faɗa. Ya sake.

Da ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce tun da ciwon ya yi nisa yake ɓoye mata iyakarsa. Ya haddace gidan, ya san inda randa take da inda turmi yake, yana tafiya kai tsaye don kada hankalinta ya tashi. Ran nan ya dawo saura hoto guda a fim, ya ji ta tana tsintar shinkafa, ya ce ta tsaya ya ƙarasa a kanta. Ya saita inda yake jin muryarta.

"Na ce mata, na same ki? Ta ce, ka same ni daidai, Malam, danna." Ya shafa gemunsa. "Ashe ita ta taho ta same ni."

Safara'u ta sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan mayafinta. Ta ce ya yafe mata in ta tayar masa da abin da ya kwanta, ta yi ta shawarar ko ta rage.

"Da kin rage mi?" ya ce. "Shekara da shekaru ina zaune da matar nan ina da ido biyu. Ban taɓa ganinta kamar yau ba."

Ya yi wa marigayiyar addu'a mai tsawo, Safara'u tana amsawa. Bayan nan ya tambayi abubuwan da ba su shiga akwatin ba: wane zane ta ɗaura, ɗankwalin ya zame ko yana nan, kajin suna kusa? Ta duba ta gaya masa. Akwai kaza guda a ƙasan hoton, ta riga ta miƙa wuya wajen shinkafar da ba ta kai ƙasa ba tukuna. Ya yi dariya da jiƙaƙƙen ido, ya ce wannan ja ce, ɓarauniya ce tun tana tsako.

Ta tambaye shi ko a cire hoton daga littafin, tunda na cikin gida ne. Ya yi tunani har aka kira azahar. Ya ce a bar shi, kuma kada a taɓa ko harafi ɗaya na bayaninsa.

Littafin ya fito bayan damina, na takarda da na faifan sidi. Sagir ya zo, aka yi ɗan taro a wani ɗakin taro a GRA, aka gayyaci ƙungiyar makafi ta gari. An haɗa kwamfutar da babbar lasifika. Safara'u tana zaune a baya tana kallon fuskoki. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna bin lungunan Katsina da sanda, sun san kowane kwalbati da kowane tudu, suna zaune tsit ana gaya musu yadda hasumiyar Gobarau take tsaye a hasken la'asar, da yadda tsagar ganuwa take, da launin hannun marini. Wani dattijo ya yi ta faɗin subhanallahi a hankali bayan kowane hoto. Wani ya ce ya sha wucewa ta gindin hasumiyar nan, bai san sama take tsukewa ba.

Da aka tashi, wata mata ta sa aka kawo ta wurin Safara'u. Ta ce sunanta Malama Tani, da makanta aka haife ta, tana koyar da yara makafi. Ta kama hannun Safara'u da hannu biyu ba ta saki ba. Ta ce an ba makarantarsu kwamfuta irin wannan da littattafan kimiyya a ciki, amma rabin littafin zane ne, kuma na'urar tsallake su take yi. Akwai zanen zuciyar ɗan Adam da jijiyoyinta, ita kanta tana koyar da shi ba ta san kamanninsa ba.

"Yaya za ki faɗe shi?" ta tambaya.

Safara'u ta ce wallahi ba ta sani ba tukuna, sai ta zauna da shi ta dube shi sosai. Suka yi alkawarin Litinin bayan an tashi ofis, Malama Tani ta kwatanta mata hanyar makarantar, kwana-kwana, har da inda ake tuyar awara a bakin ƙofa.